Akwatin da Baba Ya Ce Kada a Kashe

Na Allah ne mu, wurinSa za mu koma, Baba kuma ya riga mu tafiya. Mahaifin maigidana nake nufi. Shekara goma sha huɗu ina zaune a gidansa a Kawo ban taɓa kama sunansa da bakina ba, ba kuma yau zan fara ba.

Ranar Alhamis da hantsi ya cika, aka kai shi makwancinsa bayan azahar. Kafin la'asar gida ya cika, maza a rumfar ƙofar gida, mata a tsakar gida kan tabarmi. Ina durƙushe ina cika butoci sai wata mata da ban ma waye ta ba ta dafa kafaɗata. Na ɗago, na ɗauka gaisuwa za ta yi min.

Ta ce, "Sannu da haƙuri. Wai an ce gidan nan akwai wayfai, mece ce lambar?"

Ƙasar da ke ƙafar masu binne shi ko kakkaɓe ta ba a gama yi ba. Na dube ta, na ci gaba da zuba ruwana. Kafin magariba mutum biyar suka yi min wannan tambayar. Ɗaya har da ƙorafin cewa datarta ta ƙare a hanya.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne irin yabon da ake yi masa. Kowa zai fara da "mutumin kirki ne," sannan ya ɗora "sai dai." Goggo, ƙanwarsa da ta taso daga Katabu, tana share hawaye tana cewa, "Yayana ke nan. Mutum ya yi ritaya da mutuncinsa, maimakon ya riƙe carbi sai ya riƙe sukudireba." Matan suka yi 'yar dariyar nan ta gidan makoki, wadda ake rufewa da gefen mayafi. Ni na san carbinsa, na san inda 'ya'yan carbin suka goge don yawan ja. Ta tagar zaure kuma na jiyo wani da suka yi aiki tare yana cewa da marigayi ya so da gida uku ya bari a Doka, amma ya ƙare da tara tarkacen roba.

Shi ya sa na ɗauki biro. Idan aka bar maganar a bakin waɗannan mutane, jikokinsa za su tashi da cewa kakansu tsoho ne mai wasa da wayoyi.

Baba ya yi aikin gwamnati a sashen na'urorin sadarwa har ƙarfinsa ya fara ja baya. Da ya ajiye aiki sai ya mai da ɗakin da ke kusa da zaure wurin zamansa. Yakan bi shagunan masu gyara a bayan tashar Kawo yana tsintar rauta, wato akwatin nan na roba mai ƙaho biyu da ke raba intanet a gida. Waɗanda aka yar yake nema. Zai dawo da su a leda yana fara'a kamar wanda ya sayo nama.

Wata rana na kai masa shayi na tarar ya buɗe cikin ɗaya. Ya nuna min wani ɗan baƙin abu da bai kai farcen babban yatsa ba.

"Uwata, kin ga wannan? Cip sunansa. Shi ke yin wayfai ɗin. Lafiyarsa ƙalau. Kamfanin ne ya sayar, ya ci kuɗinsa, bayan shekara biyu ya daina kula da manhajar da ke ciki don a sayi sabo."

Uwata yake ce min domin sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ma bai taɓa kama nawa ba.

Ya yi min bayani a hankali, har na gane iya ganewata. Akwai mutane a ƙasashe daban-daban da ke haɗuwa suna rubuta wata manhaja a fili, kowa na iya karantawa, kowa na iya gyarawa, ba a sayarwa. Cibiyarta ake kira kanel. Ana iya zuba ta a cikin tsohon rauta ya farfaɗo. To amma kanel ba ta jin yaren kowane cip sai an rubuta mata wanda zai tsaya tsakani. Su direba suke ce masa, Baba kuwa tafinta yake cewa. Cip ɗin da ke cikin akwatunan da suka fi yawa a gidajenmu, masu araha, ba shi da tafinta. Sai a zuba manhajar, akwati ya tashi, wayfai kuma shiru.

Sau uku ya rubuta wa kamfanin da ya ƙera cip ɗin wasiƙa, yana roƙon takardun da ke bayanin yadda ake magana da shi. Ko "mun gani" ba su ce ba. Ranar da ya haƙura da su ya yi tsaki, abin da ban taɓa ji daga bakinsa ba, ya ce, "Abin da ka saya amma aka hana ka sanin cikinsa, haya kake yi ba ka sani ba." Daga nan ya narka dalma ya liƙa wasu siraran wayoyi a jikin allon, ya jona da kwamfutarsa, ya zauna sauraren cip ɗin kamar mai koyon yaren baƙo a kasuwa. Shekara uku yana wannan. Warin dalma ya kama labulen ɗakin, har yau bai fita ba.

Ni ban shiga aikin da niyya ba. Bara hawan jini ya buge shi, hannun dama ya daina ɗaukar umarni. Kansa garau, bakinsa garau, amma yatsun sun ƙi. Na same shi wata safiya yana ƙoƙarin danna haruffa da hagu, yana kuskurewa, yana gogewa, gumi na zubo masa. Na ajiye kwanon koko na juya zan fita sai ya ce, "Uwata, kin yi sakandare ai. Kin san harafi da lamba?"

Na ce na sani.

"To ara min hannunki."

Haka muka fara. Kullum bayan na sallami yara makaranta na ɗora sanwa, sai in zauna a kan 'yar kujera daga bakin ƙofa, kwamfuta a cinyata, shi yana can ƙuryar ɗaki yana faɗa ina bugawa. Harafi harafi, baka baka, ɗigo ɗigo. Rabin abin da na buga ban san ma'anarsa ba. Amma na koyi yadda ake zuba rubutun a akwati, da yadda ake fito da rahoton abin da ya faru a cikinsa, da yadda ake aika imel. Duk na rubuta matakan a wani tsohon littafin makarantar 'yata.

Goggo ta zo duba shi ta gan mu a haka. Ta tsaya riƙe da haɓa.

"Ikon Allah. A zamaninmu matar ɗa in ta hango suruki hanya take sakewa. Yau ga tamu an zauna ofis."

Kunya ta kama ni har na miƙe. Baba ya ce, "Zauna, Uwata. Ke kuma in kin iya bugawa zo ki karɓe ta, ta je ta duba miyarta." Goggo ta ce ita Allah ya tsare ta da aikin da ba lada ba la'ada. Ya ce, "La'adar ce babu."

Ba kai tsaye ake karɓar aikin mutum a zuba a kanel ba. Akwai masu tsaron ƙofa. Wadda ke kula da ɓangaren wayfai da Baba ke aika wa wata mata ce a wata ƙasa mai nisa, ba mu taɓa ganin fuskarta ba. Sau biyar tana dawo masa da aikinsa. A karo na uku ta rubuto cewa akwai wurin da idan wayoyin hannu biyu suka nemi magana lokaci ɗaya akwatin zai sume. Baba ya ji haushi ƙwarai. Ya ce ya fara haɗa na'ura tun ba a haifi yarinyar nan ba. Ranar ko tuwo bai ci ba, tuwon dawa da miyar kuka kuwa, abin da ba ya mayarwa. Kwana biyu bai ce in ɗauko kwamfuta ba. A na uku ya kira ni tun ban gama shara ba.

"Ta fi ni gaskiya. Rubuta mata cewa na gode, ki sa cewa tsoho ya ga wurin."

Ban san mazan da suka kai shekarunsa da yawa da za su faɗi haka ba.

Rigimar da ba ta warke ba ita ce tasa da Yaya, babban ɗansa, wan maigidana, mai shagon kayan waya a Doka. Da Yaya ya ga matattun akwatuna suna tashi a ɗakin nan sai idonsa ya buɗe. Ya zo da shawara: a sayi tsofaffin da yawa, a zuba aikin Baba, a kulle shi yadda ba mai iya kwafa, a manna sabon tambari a sayar. Amma fa a daina aika wa Turawa kyauta. Ina bakin ƙofa, ban samu hanyar fita ba.

Baba ya ce, "Ka gyara ka sayar, halal ne. Amma rubutun a buɗe zai zauna. A kan na wasu na ɗora nawa, da sharaɗin in bar shi a buɗe na ɗauka."

"Baba, wa zai sani?"

"Wanda zai tambaye ni."

Yaya ya ce shekara uku ana ƙona wuta da data a banza, mutane a gari suna cewa tsufa ne ya taɓa shi. Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Na sha ruwa a rijiyar bakin hanya, kai kuma kana so in sa mata kwaɗo. Tashi ka tafi, za ka makara." Tun daga ranar Yaya in ya zo gaisuwa daga zaure yake juyawa.

Akwai wata bazawara mai ɗan shagon buga takardu kusa da tasha, da shi take ciyar da 'ya'ya huɗu. Rautarta ta lalace, aka ce sai sabuwa. Baba ya ba ta ɗaya daga cikin nasa, ya ce ta riƙa gaya masa duk ranar da ta ɗauke. Ta zo biya ya ce rahoton shi ne kuɗin. Ita kaɗai ce ranar makoki ta tsaya a ƙofar ɗakin nan ta yi kuka ba tare da ta ce "sai dai" ba.

A aikawa ta shida mai tsaron ƙofa ta ce rubutun ya yi. Saura abu ɗaya: a bar akwatin a kunne kwana bakwai cur ba tare da ya ɗauke ba, da wayoyi da yawa a kansa, a aiko mata da rahoto. In ya tsallake, za ta shigar da shi. Muka shirya saƙon gaba ɗaya, ya rage a liƙa rahoton kawai. A ƙasan irin wannan saƙo akwai layin da ake sa sunan wanda ya gwada. Baba ya ce, "A nan ki sa sunan uwata." Na ce wace? Ya ce, "Wadda ke riƙe da kwamfutar."

Ranar Asabar muka kunna. Muka jona shi a soket ɗin da ke shan wutar sola, wanda ba ya ɗaukewa. Damuwarsa ɗaya, wayoyin gidan huɗu ne kacal. Ya ce zai roƙi maƙwabta su hau. Ranar Talata ya faɗi a bakin famfo yana alwala. A asibiti, da na kai abinci, ya yafito ni da hannun hagu. Bakin ya karkace, sai da na sunkuya.

"Kada a kashe akwatin."

Ita ce magana ta ƙarshe da ya yi da ni.

Ranar Juma'a, kwana ɗaya da binne shi, aka ɗauke wutar unguwa tun safe. Ina madafa muna fama da tukunyar shinkafa sai na ji wata daga tsakar gida tana cewa, "Wai wayfai ɗin ma ya tafi ne?" Ashe yarana sun riga sun ba wasu lambar. Na yar da muciya na ruga. Na tarar da ƙofar ɗakin a buɗe, an zare filogin akwatin an jefar a ƙasa, an cusa wata doguwar soket a wurin, wayoyi sun fi goma a kanta kamar 'yan tsaki a kwanon tsaba. Fitilar akwatin a mace. Kwana shida ya yi. Saura ɗaya.

Matar Yaya ce ta zare. Ta ce, "Au, wannan tarkacen? Na ga ba mai amfani da shi." Ita ce kuma wadda na ji tana cigiyar wayfai ɗin a tsakar gida. Wallahi ban taɓa jin ƙyamar mutane irin ta wannan lokacin ba, Allah ya yafe min. Suna sha daga hannunsa, suna zagin hannun, sun kuma sare shi ba su ma san sun yi ba.

Na shiga banɗaki na yi kukan da ban samu yi ba ranar Alhamis. Da na fito na wanke fuska, na ɗauko littafina. Baba yana da wani batirin babur a cikin akwatin katako, wanda yake ɗora rauta a kai in zai kai gidan wani gwaji. Ana iya yi masa caji yana aiki. Na jona akwatin a kansa, na bi matakan ɗaya bayan ɗaya, fitila ta kawo. Na tura shi ƙarƙashin tebur na rufa masa tsohuwar darduma, na bar ƙahonnin a waje.

Niyyata in sauya lambar kada wanda ya ƙara hawa. Har na buɗe shafin sai na tuna abin da ya dame shi: wayoyi huɗu kacal. Na leƙa tsakar gida. Mata sun fi talatin, kowace kanta a sunkuye kan waya, a rumfa ma haka. Na samo gawayi na rubuta lambar da manyan haruffa a bangon zaure.

Goggo ta gani ta ce, "To, yau kuma gidan makokin ne ya koma tasha?" Kafin ta rufe baki ta miƙo min tata wayar in sa mata.

Kwana shida masu makoki suna kan wayfai ɗin, dare da rana, suna kallon bidiyo, suna aika hotunan abincin sadaka. Kowace safiya in leƙa ƙarƙashin darduma. Fitila kore.

Ranar Laraba aka yi addu'ar bakwai. Washegari da safe Yaya ya iso da mai sayen tsofaffin ƙarafa da kurarsa. Ya ce za a kwashe sharar ɗakin a yi fenti. Ba a raba gado ba, amma a wurinsa wannan ba gado ba ne, shara ce. Kwamfutar kaɗai ya ɗauka dukiya, ya kulle ta a kabad ɗin Baba. Na dubi maigidana. Ya sunkuyar da kai ya ce a hankali, "Yaya ne babba." Saura kwana ɗaya, karo na biyu.

Suna cikin cinikin kilo a zaure na ɗauko babban farantin da nake kai wa Baba abinci. Na shiga, na zare cajin batirin, na ɗora batirin da akwatin a kan farantin ba tare da na raba wayar da ke tsakaninsu ba, na kwantar da ƙahonnin, na kifa faifai, na yafa mayafi. Nauyi kamar turmi. Na fito ina tafiya kamar mai ɗauke da miya cike da kwano.

Yaya ya tare ƙofa. "Amarya, me kika ɗauko?"

Shekara goma sha huɗu, har yau amarya yake ce min. Ban iya ƙarya ba, ban kuma iya yi masa musu ba. Na ce, "Saƙon Baba ne, Yaya."

Ya kai hannu zai ɗaga faifan. Sai na ji muryar maigidana a bayana, ba da ƙarfi ba. "Yaya, bar ta ta wuce. Farantinta ne."

Na wuce. A madafa na ajiye shi saman kabad, bayan tukwane, na jona caji. Na ɗaga faifai. Fitila kore. Ta taga ina kallo aka watsa sauran akwatunan cikin kura, waɗanda ya tsinto ɗaya ɗaya, har da wanda ya fara nuna min cip a cikinsa. Mai kurar ya taka su da ƙafa don su zauna.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci maigidana ya shigo madafa da kwamfutar a ƙarƙashin babbar rigarsa. Ya ajiye, ya tsaya a bakin ƙofa ya ba ni baya. Na fito da rahoton. Kwana bakwai, bai ɗauke ko sau ɗaya ba, ga jerin wayoyin masu makoki shafi bayan shafi. Na liƙa a saƙon. Da ɗan Turancina na sakandare na ƙara layi biyu a sama, na ce mai wannan aiki ya rasu, ni matar ɗansa ce, ni nake buga masa. Na duba sunansa a saman rubutun, na tabbatar harafi bai kauce ba. Na yi bisimilla na aika.

Bayan kwana huɗu amsa ta zo. Ta ce ta karɓa, zai shiga kanel da sunansa a kai, kuma ba za a cire ba. Ta ce ba ta taɓa samun rahoton gwajin gida da wayoyi masu yawa haka ba, ta tambayi yadda muka tara su. Ban ba ta amsar wannan ba. Ta kuma ce mutumin da ya taɓa rubuto mata cewa tsoho ya ga wurin, ba za ta manta da shi ba.

Ranar arba'in maigidana ya gaya wa dangi an karɓi aikin Baba. Yaya ya gyara zama ya ce, "To madalla. Me suka aiko?"

Na ce daga bayan labule, "Ba su aiko ba, Yaya. Karɓa suka yi."

Ya yi tsaki. Jim kaɗan ya aiko a tambaye ni ko an sauya lambar, wayarsa ta ƙi hawa.

Malamai sun ce in ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku, cikinsu har da ilimin da ake amfana da shi. Ni ba malama ba ce, ban san yadda ake auna wannan a can ba. Na dai san wani wuri, a gidan da ba za mu taɓa sani ba, wata za ta zuba manhajar nan a tsohon akwatin da aka ce ta yar, wayfai ya kawo, ba za ta ma san wa za ta gode wa ba. Ya Allah ka sani. Ka kai masa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa hannun da ya shanye ya karɓi littafinsa. Ni kuma ka cire min abin da ke zuciyata game da masu makokinsa, don har yau bai fita ba.

Akwatin yana nan saman kabad, bayan tukwane. In ina tuƙa tuwo nakan ɗaga kai in ga fitilar. Goggo ta ce in sauke shi kada maiƙo ya ɓata shi. Nakan goge shi da tsumma a inda yake, a kunne.